Keken Kawu

A watan Maris na 2023, wata ranar Asabar, jikana ya shigo gida yana tura kekensa, sarƙa na jan ƙasa. Ya ce ya je wurin masu gyara uku cikin Agadas, ba wanda ya ko dube shi. Na sa hula, muka koma tare. Ashe gaskiyarsa ne. Duk rumfar da muka tsaya, babura ne jere, ƴan kabu-kabu na tsaye bisa kan mai gyara suna cewa ya yi sauri, fasinja na wuce su. Wa zai bar babur ya duba keken yaro? Na farko ya ce mu dawo gobe. Na biyu ya leƙa giyar baya, ya ce wannan gwanjon Turai ne, ba shi da kayansa. Yaron ya cika fam, kamar ya yi kuka. Ni kuwa sai dariya ta kama ni, don na taɓa yin wannan yawo cikin wannan gari, kuma nawa ya fi nasa tsawo, kwana 12 cur. A hanyarmu ta komawa gida na ba shi labarin. Ku ma ga shi.

A shekarar 1984 ina aji na biyu a koleji. Gidanmu ba cikin gari yake ba. Muna zaune a garake, bakin ƙoramar Telwa, wajen kilomita 7 daga babbar kasuwa. Babana manomin garka ne. Yana da rijiya guda da sa guda mai jan guga, yana shuka alkama da tumatir da albasa da salati. A idona a lokacin, Agadas ita ce babban birnin duniya. Kullum da safe in na taho, hasumiyar babban masallaci nake fara hangowa. Tsawonta mita 27 ne, da laka aka gina ta wajen 1515, aka sake gina ta a 1844. Ita ce agogona. In na hango ta rana ba ta taɓa kanta ba, na san ban makara ba.

Shekarar nan ba a yi ruwa ba. Telwa ba ta kawo ruwan kirki ba, rijiyoyi suka yi ƙasa. Makiyayan da dabbobinsu suka ƙare suka taru gefen gari. Hatsi ya yi tsada, har muka sayar da jakinmu muka sayi gero. Daga nan abin da ke kai kayan garka kasuwa sai keke.

Keken ba nawa ba ne, na kawuna ne, ƙanen innata. Yana aiki a Arlit, wurin haƙar uraniyom, kimanin kilomita 240 arewa da Agadas. A can ya saye shi hannun wani Bature da zai koma gida. Peugeot ne, kore, mara nauyi, in ka taka sau ɗaya sai ya yi ta tafiya kamar ana tura shi. Ran da Kawu zai koma bakin aiki ya kira ni gaban Inna, ya ce, "Aro na ba ka, ban ba ka kyauta ba. Kullum da marece ka goge rairayi daga sarƙa. Kada ka goya babban mutum. In ka ji wata ƙara da ba ka saba ji ba, ka sauka." Na ce, "To, Kawu."

Tun da asuba Baba zai ɗaure mini kwando biyu a baya. In kai kasuwa, in damƙa wa matan da ke sari, in karɓi kuɗi in ƙulle a bakin wando, sa'an nan in wuce lakkol. Da kuɗin nan ake sayen geron da muke ci.

Faci bai taɓa damuna ba, ko da yake hanyarmu ƙayar aduwa ce da tsaida. Masu faci sun cika gari. A cire tub, a hura, a tsoma cikin tasar ruwa, inda kumfa ya taso nan ne huda. A kankare wurin, a shafa danƙo, a jira ya sha iska, a manna ƙyallen tsohon tub, shi ke nan, dala 10. Abu ɗaya dai na lura da shi: bakin tub na kekenmu siriri ne, famfon masu faci ba ya kama shi, sai na ba su ɗan famfon da ke maƙale jikin keken. Da ina da wayo, da tun nan na gane keken Kawu baƙo ne a garin.

Farkon Disamba, ranar wata Laraba, wani abokina ɗan ajinmu ya ce in rage masa hanya. Ƙato ne, ya fi ni tsawo da kai guda. Na tuna maganar Kawu, amma na ce a raina ai ɗan lakkol ba babban mutum ba ne. Na goya shi, muka shiga rairayi, na miƙe tsaye bisa feda ina takawa da ƙarfin tsiya. Sai na ji ƙwas a ƙafar hagu. Kowane taki, ƙwas. Ban sauka ba. Washegari ma ban sauka ba. Kwana biyar ina hawa da kaya, ƙarar na ƙaruwa, ina yi mata waƙa don kada in ji ta. Ran Litinin, ina shiga gari, fedar hagu ta fara zamewa ƙarƙashin ƙafata, in taka ta faɗa gaba ba ta ja komai ba.

Bari in gaya muku abin da ya lalace, don ku gane sauran labarin. Ku dubi keke irin na da. Feda biyu ce, kowace tana bisa hannun ƙarfe. Hannayen nan biyu suna haɗe da wata gajeruwar sandar ƙarfe da ta ratsa gindin keke. Abin da ke riƙe kowane hannu jikin sandar wani ɗan ƙarfe ne, bai fi ƙaramin yatsanku tsawo ba. An fere gefensa guda a karkace, ƙarshensa kuma yana da haƙora inda noti ke hawa. Mu dai ƙusar feda muke ce masa. Ana buga ta cikin rami, gefen da aka fere ya danne sandar, sa'an nan a ɗaura noti. In ta zauna daram, duk ƙarfin ƙafarka yana isa ga sarƙa. In ta yi sako-sako ko kaɗan, kowane taki sandar na cin ta, har ta yi mata gurbi. Da ranar Larabar nan na sauka, bugu biyu na guduma sun isa.

Na fara da wata rumfa kusa da tasha. Maigidan ba ya nan, sai yaronsa, sa'ana. Ya girgiza feda, ya ce, "Wannan ai ba komai, noti ne ya kwance." Ya sa kile ya murɗa, ya ƙara murɗawa, ya taka da ƙafa. Sai notin ya fara juyawa a banza, haƙoran sun cinye. Da maigidan ya dawo ya zage shi tas, ya ɗauki guduma ya yi ta dukan ƙusar har kanta ya baje kamar kan laima. Da kyar ta fita. Ya jefar da ita cikin rairayi. Ni ban san abin da ya sa ba, na duƙa na ɗauka na sa aljihu.

Ya zazzage wani gwangwani, ya zaɓo sabuwar ƙusa, ya sa bakin rami. Ta ƙi shiga. Ya ɗauko wata, ita ma ta ƙi. Ya ɗaga guduma zai tilasta mata, na riƙe hannunsa na ce, "Don Allah, maigida, keken ba nawa ba ne!" Ya dube ni sheƙeƙe, ya ce, "To kwashe abinka. Je ka bakin kasuwa." Ya karɓi dala 10 kuɗin cirewa. Na zo da keke mai ciwo, na tafi da keke mai ƙafa ɗaya, hannun feda a cikin jakar littattafaina.

Mai gyaran bakin kasuwa mutum ne mai fara'a da saurin hannu. Bai ko tambaye ni abin da ya faru ba. Ya samo wani siririn ƙarfe, ya yanko gwangwanin tumatir ya naɗe shi, ya buga cikin ramin, ya ce, "Wannan har Bilma sai ya kai ka." Dala 20. Bilma tana can tsallaken Tenere, inda ayarin raƙuma ke zuwa ɗaukar gishiri. Ni ko Tudu ban wuce ba. Hannun fedar ya fice gaba ɗaya, na faɗi, gwiwata ta goge, fentin keken ya kankare wuri biyu. Na fi jin zafin fentin.

Daren nan na bar keken gidan wata gwaggona cikin gari, na tafi gida a ƙasa. Na ce wa Baba keke na wurin gyara, gobe za a gama. Ban faɗi goyo ba, ban faɗi kwana biyar ɗin nan ba.

A garake mai gyara ɗaya gare mu, wani tsoho mai ɗinkin guga. In ya iya ya yi, in bai iya ba ya gaya maka. A birni kuwa masu gyara sun yi yawa, kuma ba wanda zai ce maka bai sani ba. Kowa sai ya taɓa, ya karɓi ɗan abin da ya karɓa, ya nuna maka na gaba. Kwana uku, da an tashi lakkol da rana, ina tura keke daga rumfa zuwa rumfa. Wani ya ce a yi walda, a like hannun jikin sandar har abada. Wani ya ce in sayar masa da keken a matsayin ƙarfe. Mai kantin kayan keke ya buɗe mini kwali, ƙusoshi sun fi ashirin, duka girmansu ɗaya, kuma ya ce kuɗinsu ya ninka. Dalili kuwa, tun watan Afrilu na shekarar Najeriya ta rufe iyakokinta na ƙasa, ba ta buɗe ba sai Maris 1986. Kayan keke daga Kano suke zuwa mana, ta Damagaram, tafiyar kusan kilomita 700. Da aka rufe iyaka sai abin da ƴan fasa-ƙwauri suka ratso da shi ta daji.

Ran Alhamis na faɗa hannun wani dattijo a Sabon Gari, wanda ya koyi aiki a Kano. Ana gane su da baki. Wanda ya koya a Kano zai ce keke da tub da sufana, wanda ya koya a Yamai ya ce belo da shambur da kile. Shi ne mutum na farko da ya ajiye guduma ya sa tabarau. Ya duba ramin, ya duba rubutun jikin keken, ya ce, "Yaro, kekenka Bafaranshe ne, kayanmu kuwa na Ingilishi ne." Ya ce yawancin kekunan da ke gari Raleigh ne da masu kama da shi. Asalinsa daga Nottingham ta Ingila, kuma kamfanin yana da masana'anta a Kano. Ingilishi da inci suke awo, Faransawa da milimita. Ƙusar Ingilishi kaurinta kashi 3 cikin 8 na inci ne, ta Faransa kuwa milimita 9. Ya ce ba ƙusa kaɗai ba, taya ma haka, haƙoran feda ma haka, bakin tub ma haka. Na ce, "To, Baba, yaya za a yi?" Ya ce, "Ana iya faɗaɗa ramin, amma ba ni da abin huda ƙarfe, kuma ka ce ba naka ba ne. Aika Yamai." Bai karɓi ko tamma ba.

Yamai kusan kilomita 950 ce. Sa'armu ɗaya, an riga an shimfiɗa kwalta daga Tawa zuwa Agadas har Arlit saboda motocin uraniyom, manyan motoci na kai da kawowa. Gwaggo ta san wani yaron mota. Na ba shi dala 60, kuɗin da na yi wata uku ina tarawa don sayen takalmi. Na ce masa, "Ta keken Faransa, ka ji? Ta Faransa." Ya ce ya ji.

Kwanakin jiran nan su ne ba na son tunawa. Tumatir ba ya jiran mai gyara. Baba ba ya iya barin rijiya, don ruwan ya yi ƙasa ƙwarai, sai a ja kaɗan a jira ya taru. Saboda haka Inna ta ɗauki kwando guda a ka, ni na ɗauki guda. Kun san sanyin Agadas a Disamba, da iskar da ke saukowa daga duwatsun Abzin kafin gari ya waye. Muna fita da duhu, amma kafin mu isa matan sari sun riga sun saya wurin wasu. Sai mu sayar yadda aka taya. Kwandon da ke kawo tiya biyu ta gero ya koma kawo ɗaya da rabi. Tuwon dare ya ragu, ba wanda ya ce komai.

Wata safiya, wajen rabin hanya, Inna ta sauke kwando ta zauna bisa dutse. Faso ya tsage mata diddige, jini na fita. Ta yage bakin zanenta tana ɗaurewa. Na buɗe baki zan faɗa mata gaskiya, sai ta ce, "Wuce, kada ka makara." Na wuce. Na hango hasumiya rana ta sauko har rabinta.

Sau huɗu ina makara a mako guda, ga jarrabawar ƙarshen zango ta matso. Ran Laraba yaron mota ya dawo, ya miƙo mini ƙunshin takarda yana murmushi. Tun kafin in gwada na gane ta. Irin ta kwalin mai kanti ce sak. Ya ce shi dai ya ce a ba shi ƙusar feda, aka ba shi. Ashe kasuwar Yamai ma kayan Najeriya ne suka cika ta. Ƙusar nan ta yi tafiya daga Kano zuwa Yamai, daga Yamai zuwa Agadas, don kawai ta zo ta ƙi shiga.

Washegari na sake makara, kuma darasin lissafi ne. Mushe ya tsai da ni bakin ƙofa ya ce in faɗi dalili gaban kowa. Na faɗa, har na fiddo ƙusar na nuna. Na zaci bulala zan sha. Sai ya karɓe ta, ya juya ta a hannu, ya ce kowa ya fiddo kaye. Ya rubuta a allo: inci 1 daidai yake da milimita 25,4. Ya ce a nemo kashi 3 cikin 8. Aka raba da 8, aka ninka da 3, aka samu 9,525. Ya ce a ɗebe 9. Ya rage 0,525. Ya ce, "Ku ɗauki regili, ku dubi tsakanin ƙananan zane biyu. Rabin wannan shi ya sa ɗan'uwanku tafiya a ƙasa." Aji ya fashe da dariya. Ku ma ku duba naku regilin, ku ga ko ƙwayar gero za ta shiga wurin. Mushe ya ƙara da cewa a Faransa aka kafa awon mita, a 1795, Ingila kuwa ta daɗe tana riƙe da incinta. Turawan nan biyu da suka raba ƙasar Hausa tsakaninsu, kowa ya bar mana ma'auninsa. Ya ce in zauna. Lissafi ya fita, amma keke na nan da ƙafa ɗaya.

Mutum ɗaya ne bai yi dariya ba, abokin nan nawa da na goya. Da aka tashi ya biyo ni, ya ce, "Gobe bayan Juma'a kawo shi gidanmu, kakana ya gani." Na ce, "Kakanka mai gyaran keke ne?" Ya ce, "A'a, maƙeri ne." Na yi shiru. Maƙerin farfaru ne, mai aikin azurfa. Me ya haɗa zobe da feda? Amma ba ni da sauran kuɗi, ba ni da sauran rumfar da ban je ba.

Gidansu na cikin tsohon gari, bayan fadar Sarkin Abzin, inda lunguna suka matse har sai ka karkata kan keke kafin ka wuce. Unguwannin nan ne UNESCO ta sa cikin kayan tarihin duniya a 2013. A lokacin mu dai lungu ne mai awaki. Muka tarar da tsohon cikin zaure bisa tabarma, ya naɗe fuska da rawani, ido kaɗai ake gani. Gabansa ƴar uwar maƙera ce kafe a ƙasa, da zugazugin fatar akuya, da gawayi, da butar shayi. Yana ƙera kuros ɗin nan na Agadas da mata ke ratayawa a wuya, wanda Turawa masu ratso hamada daga Aljeriya ke saye. Na durƙusa na gaishe shi da Tamajak, don maƙwabtanmu a garake Abzinawa ne. Ya amsa da Hausa.

Na fara yi masa bayanin inci da milimita. Ya ɗaga hannu, ya ce, "Ɗana, ni ban taɓa hawa keke ba, ban kuma yi lakkol ba. Nuna mini ramin, ka nuna mini abin da ya ƙi shiga." Na nuna. Ya ce, "Wadda ta fito fa?" Na lalubo tsohuwar daga aljihu, duk ta lanƙwashe. Ya ce, "Madalla da ba ka yar ba."

Maƙeran Agadas da kakin zuma suke fara aiki. Su siffanta abin da kaki, su lulluɓe shi da yumɓu, su gasa, kakin ya narke ya fita, su zuba narkakkiyar azurfa a gurbinsa. Saboda haka kaki ba ya rabuwa da su. Ya ɗebo kaɗan, ya murza a tafin hannu, ya cusa cikin ramin hannun feda, ya turo shi ta ɗaya gefen. Ga kaurin ramin ya fito a kaki. Ya ajiye shi kusa da sabuwar ƙusa, ya daɗe yana kallonsu. Sa'an nan ya kama ƙusar da awartaki, ya ɗauki magagari.

Ban taɓa ganin aiki mai cin rai irin wannan ba. Ya goga sau uku, ya juya ta kaɗan, ya goga sau uku, ya juya. In ya kewayo, sai ya kara ta bisa hayaƙin fitila ta yi baƙi, ya zura cikin rami, ya murza, ya fiddo. Inda baƙin ya goge, nan ne ke tokarewa, nan zai ci. Aka yi shayi na farko, aka yi na biyu. Ni duk na ƙosa. Da ta shiga rabi na ce, "Baba, yanzu ai in aka buga za ta wuce." Bai ɗago kai ba, ya ce, "Masu bugu ai ka je wurinsu."

Wajen la'asar ta shiga. Na yi tsalle zan hau, ya ce in dakata, in ɗaga keken in juya feda. Ya tsuguna daga nesa ya rufe ido ɗaya. Ya ce, "Ƙafafun nan ba su miƙe ba. In ɗaya na kallon sama, ya kamata ɗaya ta kalli ƙasa sosai." Gaskiya ne, ta hagu ta ɗan rusuna gaba. Karkacewar gefen da aka fere ba ta yi daidai da ta ƙusar dama ba. Nan tsohuwar ƙusa ta yi rana. Ya fiddo sabuwar, ya jera su, ya bi fuskar tsohuwar da magagari a hankali, ya mayar, ya sake dubawa. Sau uku yana haka. Da ya gamsu, ya sa jikansa ya kawo guntun icce mai rami, ya tokare hannun fedar daga ƙasa don kada bugu ya isa cikin gindin keke. Ya buga sau huɗu da ƴar gudumarsa. Daga baya ya ɗaura noti, da yatsa tukuna, sa'an nan ya ɗan ƙara da awartaki. Ya ce, "Wannan ba shi ke jan ta ciki ba, gadi kawai yake yi." Abin da yaron tasha bai sani ba ke nan. Na daɗe da zama babba kafin in ga an rubuta haka cikin littafin gyaran keke.

Kafin ya sake ni ya ɗauki ɗan ƙarfen zane, ya yi wa kan ƙusar ƴan ɗigo uku da layi, irin na jikin kuros. Jikansa ya ce haka yake, ba ya iya barin ƙarfe ya fita zaurensa ba ado. Na ce ba ni da kuɗi sai wani mako. Ya ce, "Ba garka gare ku ba? Kawo tumatir. Bayan kwana biyu ka dawo in ƙara mata bugu ɗaya, sabon zama sai ya ɗan saki."

Na hau. Ba ƙwas, ba zamewa. Na iso garake kafin magariba, ƙannena suka taryo ni da gudu. Washegari Inna ba ta fita da duhu ba.

Kawu ya zo hutun ƙarshen shekara. Tun dare na goge keken, na shafa mai inda fenti ya kankare, wai ko ya ɓoye. Da safe ya kewaya shi sau ɗaya, ya shafa wurin da yatsa, ya tsuguna wajen feda. Ya ce, "Wa ya yi wa kekena kwalliya?" Sai na faɗa masa duka, tun daga goyo har kwana biyar ɗin da na yi ina waƙa bisa ƙara. Inna na gefe tana tankaɗe, ba ta ɗago ba.

Ya sa hannu aljihu ya fiddo ƴar takarda, ya warware. Ƙusoshi biyu ne sababbi, masu milimita 9, daga Arlit. Ashe tun ranar da ta zauna bisa dutsen nan Inna ta aika masa da saƙo ta bakin wani direba. Goyon ma ta sani, wata maƙwabciyarmu ta gan mu tun ranar Larabar. Kawu ya ce, "Kawo guduma mu sa ta gaskiya." Ya kama fedar ya girgiza, ya taka da ƙarfi, ya sake girgizawa. Ko motsi. Ya duba ɗigo ukun nan, ya nannaɗe takardarsa ya miƙa wa Inna, ya ce ta ajiye cikin kwalla sai ran da ta maƙeri ta gaji. Ni kuwa ya hana ni hawa ranar Lahadi har wata biyu, sai kasuwa da lakkol.

A 1991 Kawu ya sayar da keken ga wani mai kai madara gari, da ƙusar maƙeri a jikinsa. Biyun nan na Arlit, da Inna ta rasu muka same su cikin kwallarta, a takardarsu.